Dashen ɗan-tayi: Me ya sa likitoci ke kaffa-kaffa da digiri 37?

Mayar da ɗan-tayi cikin mahaifa shi ne mataki na ƙarshe a hanyar neman haihuwa da ake kira IVF, wadda wasu ke yi wa laƙabi da haihuwar kwalba.

Aikin ba ya wuce 'yan mintoci, kuma galibi ko allurar kashe zafi ba a yi wa matar. Sai dai a cikin waɗannan mintoci ne ɗan-tayin ke barin na'urar da ta rene shi kwana uku ko biyar, ya ratsa iskar ɗaki a cikin wani siririn bututu, kafin ya isa jikin mahaifiyarsa.

Abin da masana suka fi sa wa ido a wannan ɗan taƙi shi ne ɗumi. Jikin ɗan Adam na zama ne a kusan digiri 37 a ma'aunin Salshiyas, kuma duk wani tanadi da ake yi a ɗakin gwaji an gina shi ne a kan kada ƙwai ko ɗan-tayi su yi nesa da wannan adadi.

Batun na da nauyi na musamman a jihar Kano, inda zafin rana kan haura digiri 40 a watan Afrilu, sanyin hunturu kuma ya sauko ƙasa da digiri 15 da asuba, ga kuma wutar lantarkin da ba ta da tabbas.

Ga ma'auratan da suka fito daga garuruwa irin su Gafasa a ƙaramar hukumar Ajingi, ko daga Gaya, akwai ƙarin nisan hanya, da kuma matsalar ajiye magani a gidan da ba firji.

Yadda aka faro

An haifi Louise Brown, jaririya ta farko da aka samu ta wannan hanya, ranar 25 ga watan Yulin 1978 a garin Oldham na Ingila, bayan aikin shekaru da Patrick Steptoe da Robert Edwards da Jean Purdy suka yi. An bai wa Edwards kyautar Nobel a 2010.

A Nijeriya, Farfesa Oladapo Ashiru da Farfesa Osato Giwa-Osagie ne suka soma aikin a asibitin koyarwa na Jami'ar Legas a shekarun 1980. A watan Fabrairun 1998 kuma aka haifi wata jaririya a asibitin Nisa da ke Abuja ƙarƙashin kulawar Dokta Ibrahim Wada.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023, kusan mutum ɗaya cikin shida na manya a duniya kan gamu da matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. Ana kiran abin matsala ne idan ma'aurata suka shekara suna tare ba tare da tsarin iyali ba, kuma ciki bai samu ba.

A ƙasashen Afirka kudu da Sahara, toshewar bututun da ƙwai ke bi zuwa mahaifa, sakamakon cutar da ba a magance ba, na cikin manyan dalilai a ɓangaren mata. A kusan rabin ma'auratan da ke da matsalar kuwa, akwai hannun namiji a ciki, duk da cewa a ƙasar Hausa mace ce ta fi shan gori.

A taƙaice, ana yi wa mace allurai na kimanin kwana goma zuwa sha biyu domin ƙwayaye da yawa su nuna lokaci guda. Sai a zuƙo su da allura, a haɗa su da maniyyin mijinta a cikin ɗan faranti, a rene su, sannan a mayar da ɗaya ko biyu.

Abin da sanyi ke yi wa ƙwai

Ƙwan mace bai kai girman ɗigon alƙalami ba. A cikinsa akwai wasu zaruruwa masu laushi da suka yi siffar mazari, waɗanda aikinsu shi ne jera ƙwayoyin gado, su kuma raba su daidai wa daida idan lokacin rabuwa ya yi.

Waɗannan zaruruwa ba sa jure sanyi. Da zarar ɗumi ya ragu sai su fara warwarewa.

A 1990, Susan Pickering da abokan aikinta a Jami'ar Cambridge sun buga wani bincike da har yau ake kafa hujja da shi. Sun bar ƙwayayen mata a yanayin ɗaki na minti 10 ko minti 30. Duk waɗanda suka yi minti 30 sun nuna lalacewar zaruruwan, da yawa daga cikin waɗanda suka yi minti 10 ma haka.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, ko bayan an mayar da su digiri 37, waɗanda suka koma yadda suke ba su kai rabi ba.

Idan ƙwayoyin gado suka rabu ba daidai ba, ɗan-tayin kan ƙi girma, ko ya ƙi kama mahaifa, ko kuma cikin ya zube da wuri. Matar ba za ta ji komai a jikinta ba a lokacin da ɓarnar ke faruwa, domin abin na faruwa ne a kan teburin ɗakin gwaji.

Zafi ma na da tasa illar, kuma tazararsa ta fi ƙanƙanta. Gwaje-gwajen da aka yi daga baya sun nuna cewa ɗumin da ya kai digiri 39 zuwa 40 na lalata waɗannan zaruruwa. Wato ƙarin digiri biyu ko uku kawai ya isa.

Ɗan-tayin da ya kwana biyar ya fi ƙwai juriya, domin a lokacin ya zama tarin ƙwayoyin halitta fiye da ɗari. Amma shi ma ƙwayoyinsa na ci gaba da rabuwa, kuma kowace rabuwa da irin waɗannan zaruruwa ake yin ta.

Cikin ɗakin gwaji

Zuciyar ɗakin ita ce na'urar reno, wani akwati mai rufi da ke riƙe ɗumi a digiri 37 dare da rana. Ana kuma zuba masa iskar kabon kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari domin ruwan da ɗan-tayin ke ciki kada ya yi tsami ko ya yi kanwa, yayin da cibiyoyi da yawa ke rage iskar oksijin zuwa kashi 5 cikin ɗari, kusa da yadda take a cikin jiki.

Duk lokacin da aka buɗe ƙofar na'urar, ɗumi da iska na fita, kuma babban akwati kan ɗauki mintoci masu yawa kafin ya dawo daidai. Wannan ne ya sa aka ƙera ƙanana masu ɗaki-ɗaki, kowace mace da nata, da kuma masu kyamara a ciki waɗanda ke ɗaukar hoto ba sai an fito da faranti ba.

A wajen na'urar kuwa, teburin aiki da kan madubin likita duk masu ɗumi ne. Bututun da ake tara ƙwai a ciki na zama a cikin mazubi mai ɗumi, ana kuma rufe ɗigon ruwan da wani tataccen mai domin ya rage tururi da saurin hucewa.

Masana aikin kan auna ɗumin da ke cikin ɗigon ruwan kansa da wani ma'auni daban, domin adadin da na'ura ke nunawa a fuskarta ba lallai ne ya zama shi ne abin da ɗan-tayin ke ji ba. Tsakanin ƙarfen tebur da ƙasan faranti akwai 'yar iska, kuma ta isa ta rage ɗumi.

Ko digiri 37 ɗin ne daidai ba ƙari ba ragi? Wasu masu bincike sun lura cewa hanyar ƙwai a jikin dabbobi ta ɗan fi sauran jiki sanyi, har aka gwada reno a digiri 36 da rabi ko 36. Wani nazari na ƙungiyar Cochrane a 2019 ya tattara gwaje-gwajen, bai kuma sami hujjar da ta isa a ce wani adadin ya fi 37 ba. Saboda haka aka ci gaba da riƙe shi.

Mintocin dashe

A ranar dashe, akan nemi mace ta riƙe fitsari domin mahaifa ta fito sosai a na'urar hoton ciki. Likita zai buɗe gaba da ƙarfen dubawa wanda aka ɗumama, ya share bakin mahaifa, a cibiyoyi da dama kuma ya fara zura kuben bututun ya tsayar da shi a inda ake so.

Sai a lokacin ne masanin ɗan-tayi zai fito da faranti, ya tabbatar da sunan matar da na mijinta, ya zuƙi ɗan-tayin da ɗigon ruwan da bai kai rabin ɗigon hawaye ba, ya miƙo ta taga ko ya tako da kansa.

Ƙanƙantar ruwan ita ce matsalar. Tulun ruwan zafi kan yi sa'o'i bai huce ba, amma cokali guda nan take yake sanyi, balle abin da bai kai ɗigo ba a cikin bututun roba.

A 2021, Farfesa Nick Macklon da abokan aikinsa sun sa ma'aunin zafi a bakin irin wannan bututu, suka kwaikwayi aikin dashe ba tare da ɗan-tayi ba. Sun ga ɗumin na faɗuwa da sauri zuwa kusa da yanayin ɗakin kafin bututun ya shiga jiki.

Tun kafin nan, wani bincike da Roberto Matorras ya jagoranta a Sifaniya a 2004 ya nuna cewa damar samun ciki na raguwa idan tazarar da ke tsakanin ɗaukar ɗan-tayi da sauke shi ta wuce minti biyu.

To sai dai wasu nazarce-nazarcen da suka biyo baya ba su ga wannan bambanci ba, kuma dashen da ya daɗe galibi shi ne mai wahala, inda bakin mahaifa ya karkace ko aka ga jini, don haka da wuya a ware laifin sanyi daga laifin wahalar. Hujjar da ake da ita kan ƙwai ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba a kan wadda ake da ita kan waɗannan daƙiƙoƙi.

Duk da haka, matakan kariyar ba su da tsada: ɗakin dashe ya kasance jikin ɗakin gwaji, a ɗumama bututu da sirinji, a kawar da iskar na'urar sanyaya ɗaki daga kan hanya, kada kuma a fito da ɗan-tayi sai likita ya ce ya shirya. Cibiyar da ta yi sakaci da abin da bai fi wannan ba, da wuya a amince mata a kan abin da ya fi shi.

Zafin Kano da matsalar wuta

Mutum zai iya zaton cewa a gari mai zafi kamar Kano riƙe digiri 37 abu ne mai sauƙi. Akasin haka ne.

Na'urar reno ta yau da kullum ɗumamawa kawai ta iya, ba ta sanyayawa. Tana buƙatar ɗakin da take ciki ya kasance ƙasa da ita da wasu digirori kafin ta iya riƙe adadinta. Idan na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya da rana tsaka a watan Afrilu, ɗakin na iya yin zafin da akwatin zai zarce 37 ba tare da yana da hanyar saukowa ba.

Idan kuma sanyaya ɗakin ta yi yawa, faranti da bututu za su riƙa hucewa da sauri a duk lokacin da aka fito da su. Don haka ɗakin na buƙatar yanayi matsakaici wanda ba ya hawa da sauka, ko da bazara ko da hunturu.

Duk wannan a kan wuta ya dogara. A watan Oktoban 2024, Kano da yawancin jihohin arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo lantarki. Ɗan-tayin da ke kwana na biyu a na'ura ba zai jira a gyara layi ba.

Shi ya sa cibiyar kirki ke da matakai a jere: batir da inbata da ke karɓa nan take ba tare da ƙiftawa ba, janareta fiye da ɗaya, sau da yawa da sola, sannan ƙararrawar da ke kiran wayar ma'aikaci ko da tsakar dare ne. Kuɗin dizal da na kula da waɗannan na cikin abin da ke sa zagaye guda na aikin ya kai miliyoyin naira.

Ma'auratan da za su biya irin wannan kuɗi, wasu bayan sun sayar da gona ko shanu, suna da haƙƙin su tambaya: me ke faruwa idan an ɗauke wuta, sau nawa ake auna na'urori, wa ke kwana da ƙararrawa, kuma nawa ne tazarar ɗakin gwaji da gadon dashe. Yawancin mutane kan tambayi sunan likita ne kawai, alhali rabin aikin na hannun wanda ba za su taɓa gani ba a bayan taga.

Akwai masu neman hanyar rage dogaro da wuta. A garin Genk na Beljiyam, Farfesa Willem Ombelet da Jonathan Van Blerkom sun gwada reno a cikin rufaffun kwalabe, inda ake samar da iskar kabon ta hanyar haɗa sinadarin tsamin lemo da bakin-soda, a ajiye kwalaben a mazubi mai digiri 37. An haifi jarirai ta wannan hanya a Beljiyam, daga baya kuma a Ghana.

Wata dabarar ita ce a sa ƙwai da maniyyi a wani ɗan ƙoƙo da aka rufe, a ajiye shi a gaban matar na wasu kwanaki, jikinta ya zama na'urar reno. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da irin wannan ƙoƙo mai suna INVOcell a 2015.

Daga Gafasa zuwa birni

Akwai ɓangaren da ke hannun ma'aurata, kuma yawancinsa kafin ranar dashe ne.

Da yawa daga alluran da ke nunar da ƙwai ana ajiye su ne a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba a kuma bari su daskare. Wasu na jure zama a waje na ɗan lokaci muddin zafi bai wuce digiri 25 ba, adadin da ɗaki mai rufin kwano a Gafasa ke wucewa a mafi yawan ranakun shekara.

Tukunya cikin tukunya, wadda Malam Mohammed Bah Abba na jihar Jigawa ya yaɗa har ya sami kyautar Rolex a 2000, na tsawaita kwanan tumatir da alayyafo, amma ba ta kai sanyin firji ba, don haka ba madadinsa ba ce. Abin da ya dace shi ne a faɗa wa likita gaskiyar halin wuta a gida tun ranar farko, domin a zaɓi maganin da ya dace ko a tsara inda za a ajiye shi.

Maganin matsi da ake bayarwa don riƙe ciki shi ma yana narkewa idan aka bar shi a mota ko kusa da taga.

Maniyyi kuwa ana so ya isa ɗakin gwaji cikin sa'a guda, ba a sa shi a ƙanƙara ba, ba a kuma bar shi a rana ba. Tafiya daga Gafasa ta Gaya da Wudil zuwa cikin Kano, idan aka haɗa da cunkoson shiga gari, ta wuce haka. Gara maigida ya bayar a can cibiyar.

Haka kuma, ana zuƙo ƙwai ne kimanin sa'a 34 zuwa 36 bayan allurar ƙarshe, lokacin da ba ya karɓar jinkirin mota. Kwana a birni a wannan mako ya fi kwanciyar hankali.

Wani abin da ba na ɗumi ba ne amma ya shafi matan Kano: cibiyoyi kan hana shiga da turare ranar ɗaukar ƙwai da ranar dashe, domin tururinsa na cutar da ɗan-tayi. Humra da turaren wuta sai an dawo gida.

Bayan an dasa

Da zarar ɗan-tayi ya shiga mahaifa, jiki ne ke karɓar aikin, kuma ya fi kowace na'ura iyawa. Shan ruwan randa ko na firji, taka siminti ba takalmi, ko kwana a fanka ba sa sanyaya mahaifa.

Kwanciya ta kwana da kwanaki ma ba ta ƙara damar samun ciki. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta daɗe da cewa hutun da ya wuce minti 20 bayan dashe ba ya canza sakamako. Ɗan-tayi ba ya faɗowa don mace ta miƙe ko ta yi sallah.

Abin da ke iya ɗaga zafin cikin jiki da gaske shi ne zazzaɓi, musamman na cizon sauro, da kuma daɗewa a cikin ruwa mai tsananin zafi irin na wankan jego. Gidan sauro na da muhimmanci a waɗannan makonni, kuma idan zazzaɓi ya zo, gwaji da shawarar likita ake nema, ba maganin kemis ba.

Alƙaluman hukumar da ke sa ido kan wannan aiki a Birtaniya sun nuna cewa ko a matan da ba su kai shekara 35 ba, kusan dashe ɗaya cikin uku ne ke kaiwa ga haihuwa, adadin kuma na raguwa sosai bayan shekara 40. Babban dalilin faɗuwa shi ne matsalar ƙwayoyin gado a ɗan-tayin kansa. Dangin mijin da ke cewa ta sha ruwan sanyi ko ta hau babur, ba su da hujja daga likitanci.

Daskarewa da hukuncin shari'a

Abin mamaki, ɗan-tayin da sanyin ɗaki ke yi wa illa yana iya shekaru a cikin ruwan naitirojin mai digiri 196 ƙasa da sifili. Sirrin shi ne sauri: ana janye ruwan jikinsa da wasu sinadarai, a tsoma shi nan take yadda ƙanƙara ba za ta sami damar tsirowa ta yayyaga shi ba. A ranar dashe kuma a narkar da shi cikin gaggawa a ruwa mai digiri 37. A ƙwararrun cibiyoyi, fiye da kashi 90 cikin ɗari na tsira.

An ba da rahoton ciki na farko daga daskararren ɗan-tayi a Ostareliya a 1983. A watan Yulin 2025 an haifi yaro a jihar Ohio ta Amurka daga ɗan-tayin da aka daskarar tun 1994.

Tankin ajiyar ba ya buƙatar lantarki, amma ruwan na ƙafewa a hankali, dole a riƙa ƙara shi. A watan Maris na 2018, wani tanki ya yi ɗumi a birnin Cleveland na Amurka, ƙwai da ɗan-tayi kimanin 4,000 suka lalace, bayan da ta bayyana cewa ƙararrawar da ke sanar da ma'aikata a kashe take.

Daɗewar ajiya ta sa tambayar ta koma hannun malamai. Tun 1980 Muftin Masar na lokacin, Sheikh Jadul Haƙƙ Ali Jadul Haƙƙ, ya ba da fatawar halatta aikin idan ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, kuma mahaifarta za a mayar. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta amince da haka a 1984, har ta yarda a dasa wa kishiya, amma a 1985 ta janye wannan ɓangare saboda tsoron cakuɗar nasaba. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta tabbatar da wannan matsayi a zamanta na birnin Amman a 1986.

A bisa wannan fahimta ta jumhurun malaman Sunna, ana dasa daskararren ɗan-tayi ne kawai muddin igiyar aure na nan. Idan miji ya rasu ko aure ya ƙare, ba a dasa shi, ba a kuma bayar da shi ga wasu ma'aurata kamar yadda aka yi a Ohio.

Saboda haka takardar yarjejeniyar ajiya na buƙatar karatu a tsanake kafin sa hannu: shekara nawa za a ajiye, nawa ne kuɗin kowace shekara, mutum nawa ke shaida lakabin suna a lokacin daskarewa da narkarwa, da kuma abin da za a yi da ragowar idan ɗaya daga cikin ma'auratan ya rasu.